Saisayen Mai Aski

Da yatsa biyu kawai Mai Aski ya ja tsiron tsakiyar shukar matarsa, sai ga shi ya zaro a hannunsa, gindinsa ya yi laushi yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ya yi sauri ya mayar da shi cikin ramin, sai ka ce hakan zai gyara wani abu, sannan ya waiga ko akwai mai kallo. Babu kowa a tsakar gidan. Matarsa sai ƙarfe huɗu motarsu za ta iso.

Shukar 'yar gajeriya ce dangin giginya, mai ganye kamar mafici, masu sayar da shuke-shuke suna ce mata falmeto. Yayar matarsa ce ta kawo ƙwayar a ƙullin hankici, wata biyu kafin ta rasu. Shekara goma sha ɗaya matar tana lallaɓa ta, da ƙyar ta kai ƙugun mutum. Da za ta tafi jinyar 'yarsu da aka yi wa aiki, abu biyu ta ce masa: ya zuba ruwa a gindi duk bayan kwana uku, kuma ya bar hannunsa a aljihu.

To, mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara kawunan mutane, yaya za a yi ya zauna ya zuba wa buzu-buzu ido? Sati ɗaya ya daure. A na biyu ya ce busassun ganyen kawai zai rage. Da ya rage, sai gefen hagu ya fi na dama, ya daidaita. Can sai ya ga wani tsiro a tsakiya ya miƙe kamar mashi yana ɓata masa tsari, ya zurfafa almakashi ya datse shi. Daga nan kullum da safe yakan kwarara mata ruwa ta ka, yadda yake ɗauraye kan wanda ya gama yi wa aski. Har hoto ya ɗauka, Allah ya taimake shi bai tura mata ba.

Ya naɗe tsiron a jarida ya hau bas zuwa wurin mai shuke-shuken da ke bakin babban titi. Mutumin ya shinshina, ya tambayi me aka yi mata. Mai Aski ya fara kame-kamen zancen tsutsa, amma da ya ga ana duban bakin yankan, wanda ya fito a miƙe kamar an ɗora ma'auni, sai ya faɗi gaskiya. Mai shuke-shuken ya yi masa bayani cewa irin wannan shukar ta wuri ɗaya tak take tsirowa. In ruwa ya kwanta a raunin ya ruɓar da zuciyar, an gama.

"Amma ganyenta kore shar," in ji Mai Aski.

"Haka za ta zauna, Baba, wata biyu ko uku. Ita dai ta riga ta tafi."

Ya nuna masa wata mai tsayi ɗaya a cikin baho, ya ce a dasa yanzu, kafin yamma ba mai ganewa. Mai Aski ya daɗe yana kallonta. Ya san matarsa ta san kowane tabo a jikin tata. Ya yi godiya ya hau bas da ƙullin jaridarsa kawai, kunya tana cin sa tun daga wuya har tafin ƙafa.

Da matar ta iso ko mayafi ba ta cire ba ta wuce wurin shukar. Ya biyo ta da jaka, yana ta zuba labarin maƙwabta wanda ba ta tambaya ba. Ta ga an rage ganye, ta harare shi kaɗan, harara irin ta wadda ta saba. Sai ta leƙa tsakiya. Ta sa yatsa a ramin, ta fito da shi a jiƙe, ta durƙusa a wurin.

Ya gyara tsayuwa yana jiran faɗa, faɗan bai zo ba. A hankali ta ce laifinta ne. Ranar tafiya ta zuba taki fiye da kima don tana gudun kada ta daɗe, kuma tun a mota zuciyarta take raya mata cewa ta ƙona ta. Ta ce Yaya abu ɗaya ta bar mata, shi ma ta kasa riƙewa. Hawaye ya zubo, ta goge da bakin mayafi.

Ga ƙofar tsira an buɗe masa, kuma ya shiga. Ya ce ta yi haƙuri, kowa yana kuskure. Ya dafa mata shayi, ya kawo mata har kujera, ta karɓa tana cewa Allah ya saka masa da wahalar ban ruwa. Tun da yake bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin ba.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ƙullin jaridar da almakashin, ya ajiye kusa da kofinta.

"Ba takinki ba ne. Ni na yanke ta, na kuma bi ta da ruwa ta ka."

Ta warware jaridar. Ta shafa bakin yankan da babban yatsa.

"Ka bari na yi kukan," ta ce.

"Na bari."

Ya ce gobe da sassafe zai tone ta don kada ta riƙa ganinta, kuma akwai wata irinta a bakin titi. Ta girgiza kai. Ta ɗauki almakashin ta saka a jakarta ta ja zif.

"Ba mai tone ta, Baban yara. Duk bayan kwana uku, a gindi, har ganyen ƙarshe ya bushe. Kai za ka riƙa ba ta ruwa."

Ya ƙirga a zuci, yau ne kwana na ukun. Ya ɗauki bokiti ya nufi famfo.