Yaya, Kin Ji?

Duk unguwar Akwatialine an san Habibatu mai koko, an kuma san ƙanenta Sumana tela, wanda kansa ya taɓu shekara shida da suka wuce. Da rashin barci abin ya fara, daga nan ya koma jin muryar wani mutum da ba mai ganinsa. Magana ɗaya mutumin ke nanata masa: "Ku ɗaure kaya, za a kore ku daga ƙasar nan." Sai Sumana ya ɗora keken ɗinkinsa a ka, ya kama hanyar arewa ko takalmi babu. Sau biyu ana tsinto shi a bakin titi, ƙafafu duk jini.

Me ba a gwada ba? Ya sha rubutu har ya gundure shi, an turare shi da hayaƙi iri-iri, an kai shi ƙauye wurin wani mai magani da ya sa masa mari a ƙafa ya yi ta zane shi, wai yana fitar da iska. Tabon bulala kawai ya dawo da shi. Iyayensu sun rasu, mijin Habibatu ma ya rasu, dangin da suka rage kuwa sai jaje daga nesa. Ita kaɗai ta ja shi zuwa babban asibitin da ke wajen unguwar Bantama.

A can suka haɗu da wani ma'aikacin jinya, Malam Yusif, mai jin Hausa. Shi ya zaunar da ita ya yi mata bayanin da ba a taɓa yi mata ba.

"Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙirji. Muryar nan da gaske yake jin ta, ba ƙarya yake yi ba, sai dai daga cikin kansa take fitowa. Ƙwayar da likita ya rubuta za ta rage ta, amma ba lallai ta kashe ta ba. Abin da ya rage, sai ya sami mutum guda da ya yarda da shi, wanda zai riƙa tambaya. In kin ji, ki ce kin ji. In ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba."

Haka suka yi shekara uku. Sumana na ɗinki a ƙofar gida, ita tana gefe da tukunyar koko, sai ka ga ya tsayar da ƙafa ya karkata kai.

"Yaya, kin ji?"

"Ban ji ba."

"To, ciwon ne," in ji shi, ya ci gaba da taka keke. Wani lokacin ladan ne ko mai tallan gawayi, ta ce ta ji, su yi dariya. Ƙwayar na sa shi nauyin jiki da bushewar baki, amma ya yi ƙiba, masu kawo ɗinki sun dawo, har an fara yi masa tsiyar yaushe zai yi aure.

Sai ga watan Nuwamba na 1969. Gwamnati ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana goma sha huɗu. Su Habibatu a nan aka yanke musu cibiya, amma mahaifinsu fataucin goro ya kawo shi daga Sakkwato, kuma a gidan nan kaf babu wata takarda sai katin asibitin Sumana.

Da hantsi ne maganar ta iso musu. Wani maƙwabci ya ƙure rediyonsa, ana ta maimaita sanarwar. Sumana ya tsayar da ƙafa. Maganar da ta fitar da shi titi sau biyu ce, ba ragi ba ƙari.

"Yaya, kin ji?"

Wallahi ba ta shirya ba. Tausayi ne ya riga hankalinta buɗe baki.

"Ban ji ba."

Ya sauke numfashi. "To, ciwon ne. Yau da ƙarfinsa ya zo."

Ta ce a ranta gobe za ta gaya masa, in ta sami dabara. Gobe ta zo, dabara ba ta zo ba. Ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙon kada su yi zancen a gabansa, su kuwa da ke fama da tasu masifar suka ce to. Amma ina ake ɓoye unguwar da ke watsewa? Ana fito da gadaje da tukwane bakin hanya ana sayarwa a wulaƙance, mata na kuka, ana ɗaure katifu. Sumana ya daina ɗaga kai daga keke.

"Yaya, yanzu har gani nake yi. Na ga kamar Baba Bawah, abokin mahaifinmu, ya fito da akwatunansa."

"Gyaran ɗaki yake yi."

"Alhamdu lillahi. Kin ga ban tashi ba ko? Mutumin cewa yake in ɗauki keke in gudu, na ƙi."

Yana faɗa yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Habibatu ta shiga ɗaki ta tusa gyale a baki ta yi kuka mai isarta.

Ta koma asibiti wurin Malam Yusif ta zayyana masa.

"Kai, Habibatu! Da kin kawo shi tun ranar, mu gaya masa tare." Ya karɓo mata ƙwayar wata biyu, iyakar abin da ya iya. "Inda za ku, ki nemi babban asibiti. Ki gaya masa yau, kada ki kai gobe."

Ba ta iya ba. Sai a rana ta sha uku cikin wa'adin, da Baba Bawah, tsohon abokin mahaifinsu, ya samo musu wuri a motar da za ta tashi daga tashar Kejetia, sannan ta durƙusa gaban keken bayan sallar asuba.

"Sumana, ka yafe mini. Na ji. Tun ranar farko na ji. Da gaske ne, korar mu ake yi."

Ta zaci zai yi ihu ko ya ruga. Ina ma ya yi. Kallonta kawai ya tsaya yi.

"Akwatunan Baba Bawah fa?"

"Tafiya zai yi."

"To, sauran lokutan da kika ce ba ki ji ba, shekara ukun nan, wanne ne gaskiya?"

"Duka gaskiya ne! Na rantse da Allah, wannan ne kaɗai."

"Wa zan tambaya ko rantsuwar gaskiya ce?"

Ya tashi da kansa ya kwance kan keken, ya naɗe shi da zane tsaf, ya ɗora a ka.

Kejetia ranar sai wanda ya gani. Mutane kan kaya, kaya kan mutane, yara na kuka, direbobi na zagi. Aka cusa su bayan babbar mota, ita a kan ƙullin tukwanenta, shi rungume da keke. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya, har Baba Bawah na cewa, "Ai kin ga lafiya lau yake, ke ce mai tsoro." Ita kuwa tana ganin yadda yake karkata kai yana gyaɗawa a hankali.

Da motar ta fita daga gari, rana ta ɗaga, lokacin ƙwayarsa ya yi. Ta kwance bakin zane ta ciro guda, ta miƙa masa da goran ruwa.

"Ungo, sha."

Ya naɗe mata yatsunta a kan ƙwayar, ya mayar mata da hannun kan cinyarta, ba faɗa ba fushi.

"Ya ce kada in sha, Yaya. Shekara shida yana gaya mini za a kore mu, kuna ɗaure ni kuna ba ni magani. Shi bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ta kira sunansa, ta sake kira. Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ana yi masa magana.