Ruwan Sadakar Dijatu

"Ki yi haƙuri, Inna, ba rashin kunya ba ne," in ji Munira. "Amma jiƙon nan da ruwan rijiyar aka yi shi."

Inna, uwar mijin Dijatu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɗura wa surukarta jiƙon saiwoyi, tana cewa cutar shawara ce, kuma tun ba a haifi uwar Munira ba take maganinta. Dijatu mai awara na kwance kan tabarma da tsohon ciki, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ta dubi 'yar maƙwabtan nata, ta yi ɗan murmushi.

"Malama 'yar boko, ƙyale su. In na tashi, awararki biyu."

Munira ta fito takaici na cin ta. Tun da ruwan Agusta ya cika masan bayan katanga, ƙazanta ta malalo gindin rijiyar gidan, ake ta kwanciya a layin. Masu duba-gari sun zo sun ɗebi ruwan a kwalba, suka dawo suka ce ciwon hanta ne mai bin ruwa, masu ciki ya fi kayarwa, a tafasa ko a bar sha. Maikuɗi, mijin Dijatu, ya raka su har bakin titi yana godiya. Da ya dawo sai ya ja guga ya kwankwaɗa a gaban kowa. Wai kakansa ne ya haƙa ta, ba ta taɓa cin mutum ba.

Sai da Dijatu ta daina gane mutane aka nemo keke napep. A asibiti ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Ranar sadakar uku, Maikuɗi ya fito idanunsa jajur, ya ce daga yau rijiyar ta zama ta kowa, duk wanda ya sha ladan ya kai wa marigayiya. Mata suka yi ta sa masa albarka. Munira na zaune a cikinsu.

Can sai ga Bolanle mai shagon robobi, ƙawar Dijatu, ta shigo gaisuwa tana tura nata cikin a gaba. Inna ta cika moɗa daga randa ta miƙa mata.

"Sha, Maman Ayo. Na aminiyarki ne."

Bolanle ta ji abin da masu duba-gari suka ce. Amma wa zai mayar da ruwan sadaka a gidan makoki? Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga.

Munira ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta wuce kamar mai neman takalminta, ta bangaji gwiwar hannun matar. Ruwan ya tafi ƙasa.

"Wannan yarinya, karatu ya cinye miki ido," in ji Inna. Mata suka hau ba Bolanle haƙuri suna goge mata zane. Ita kuwa ta dubi Munira.

Ana wannan hidima Munira ta zaga bayan ɗaki. Ta kwance igiyar guga daga jikin itacen da ke gefen rijiyar, ta saki gugan a ciki. Igiyar ta bi shi a hankali, wutsiyarta ta goge bakin rijiyar ta ɓace. Ta tsaya har ruwan ya daina motsi, sannan ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sulale ta ƙofar awaki.