Suna Ɗaya da Yaya Efraín

Shekara goma sha shida Griselda Oyarzún, wadda na kusa da ita ke kira Chela, ta yi tana yawo da takarda guda a jakarta, a naɗe cikin leda saboda ruwan sama a garinsu Valdivia ba ya ɗaukewa. Wani tsohon likita ne ya rubuta mata ita tana 'yar shekara ashirin da biyu, bayan ta bar jami'a karo na biyu. Takardar ta ce tana da Asperger. Ranar da ta kawo ta gida, mahaifiyarta, Doña Herminia, ta sa tabarau ta karanta har sau biyu, sannan ta tambayi abin da kalmar ke nufi. Griselda ta ce likita ya ce lalura ce ta mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke ja amma hulɗa da jama'a ke ba su wuya. Matar ta sauke numfashi ta ce, "Mun gode Allah. Ba irin na Efraín ba ne."

Efraín yayan Griselda ne, ya girme ta da shekara biyar. Tun yana ƙarami aka kai shi asibiti a babban birni Santiago, aka dawo da sunan lalurarsa: otizim, abin da maƙwabta ke ce wa galahanga idan sun ga ba ɗan gidan a kusa. Yanzu shekararsa arba'in da uku, ƙato ne mai furfura a gemu, kalmomin bakinsa ba su kai goma ba. Yana son kujerarsa ta kusa da murhu, yana son jera cokula bisa tsawonsu, ba ya son a taɓa masa kai. Tun rasuwar mahaifinsu gidan ya zauna a kan tsarin da ba wanda ya taɓa furtawa: Efraín ne marar lafiya, Doña Herminia ce mai jinya, Griselda kuwa ita ce lafiyayyar da za ta gaji jinyar.

Griselda na aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin madara a bayan gari. Ta iya aikinta. Kafin na'ura ta nuna an yi wa madara algus da ruwa, ita ta riga ta gane daga yadda take gangara a jikin kwalba. Da sanyin bana ya shigo, kamfanin ya kafa sabon injin cika kwalabe a bayan bangon teburinta. Ƙararsa ba ta dami kowa ba sai ita. Cikin mako uku ta fasa kwalaben gwaji huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta je ofishin ma'aikata ta roƙi a sauya mata wurin zama, ta miƙa takardarta. Aka ce takardar ta tsufa da yawa, ta kawo sabuwa.

Tsohon likitan ya rasu. Wadda ta samu a asibitin wata matashiya ce, Likita Paillán, mai magana a hankali. Sau uku suka zauna. A zama na uku likitar ta juyo mata da fuskar kwamfuta ta ce, "Ga abin da zan rubuta. Otizim, mataki na ɗaya."

"Kin yi kuskure," in ji Griselda. "Asperger nake da shi."

"An daina rubuta wannan sunan."

"Wa ya daina?"

"Mu likitoci. A da, mutum ɗaya zai je wurin likita biyu, wannan ya ce Asperger, wancan ya ce otizim. Da aka duba sai aka ga ba wani layi tsayayye a tsakani. Sai aka haɗe su, aka kasa su mataki uku, gwargwadon taimakon da mutum ke bukata."

"Yayana yana da otizim. Ba ya magana. Mamanmu ke yi masa wanka."

"Kin faɗa mini. In na gan shi, wataƙila in rubuta mataki na uku."

"Ni ina magana. Ina aiki. Ni ke shiga motar haya in kai kaina."

"Haka ne. In kin sauka daga motar fa, me kike yi kafin ki shiga gida?"

Griselda ta gane inda ta dosa. Ita ce ta faɗa mata a zaman farko, ba ta zaci za a riƙe ba. Kullum in ta taso aiki ba ta shiga gida kai tsaye. Sai ta zagaya ta baya, ta shiga rumbun itace, ta zauna a kan kututture cikin duhu minti arba'in, har ƙarar ranar ta sauka daga kanta. Mahaifiyarta ta ɗauka ƙarfe shida ake tashinsu. Ƙarfe biyar ne.

"Ba abin da ya sauya a jikinki daga jiya zuwa yau," in ji likitar. "In kina son kiran kanki da tsohon sunan, ba mai hana ki. Ni dai wannan zan iya sa wa hannu."

A tashar mota ta kira Baldomero, wani mai gyaran agogo da suka san juna a taron masu Asperger da ake yi ranar Asabar a ɗakin karatu na unguwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Sannu da isowa. Ni tun shekara biyu da suka wuce aka yi mini wannan. Na ce wa likitan ya riƙe abinsa. Shekara talatin ina zaton ni sakarai ne kafin in samu suna, yanzu kuma a ce in mayar? Riguna ashirin muka buga da sunan nan, Chela. Wa zai sa su?"

"Ba maganar riga nake ba."

"Na sani. Maganar tsohuwarki kike. Kada ki nuna mata."

A kamfani takardar ta yi aiki nan take. Aka mayar da teburinta ƙarshen ɗakin, aka ba ta abin toshe kunne irin na masu aikin inji. Amma shugaban sashen, mai suna Don Leopoldo, wanda shekara da shekaru yake nuna ta ga baƙi yana cewa ga gwanarmu, sai ya koma yi mata magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, yana tambaya ko ta gane. Rana ta uku ta ce masa, "Don Leopoldo, kunnena ne ya cika ji, ba rashin ji ke damuna ba." Ya ji kunya, ya rage. Bai dai sake ce mata gwana ba.

Mako biyu takardar na jakarta. Griselda ba ta iya ɓoye abu ba. Ranar wata Lahadi da yamma, suna shan shayi da soyayyen fanken kabewa, ruwa na dukan kwanon rufi, Efraín na gefen murhu da cokulansa, ta ɗauko ta ta ajiye kusa da kofin mahaifiyarta.

Doña Herminia ta karanta. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta mayar, ta sake karantawa.

"Wace yarinya ce ta rubuta wannan?"

"Likita ce, Mama."

"Likitar da aka haifa jiya. Shekara arba'in ina zaune da wannan kalma a gidan nan, za ta koya mini ita? Dubi ɗan'uwanki. Ki dube shi da kyau, sannan ki dubi kanki."

"An haɗe sunayen ne. Shi mataki na uku, ni na ɗaya."

"Mataki. Sai ka ce bene." Ta ture takardar. "Yanzu kowa ya zama mai otizim. 'Yar maƙwabciyarmu da ke rawa a waya ita ma ta ce tana da shi. Ran da na kai Efraín makaranta aka rufe mana ƙofa, ina suke? Sun ɗauki sunan ɗana sun raba wa duk wanda ba ya son hayaniya."

"Ni ban roƙa ba."

"To ki mayar musu."

"Ba a mayarwa."

Tsohuwar ta tashi ta ƙara itace a murhu, alhali wutar ba ta bukata. Ba ta juyo ba ta ce, "In ke ma irinsa ce, wa zai riƙe shi in na mutu?"

Griselda ta san ana son ta ce ni ce. Ta sha faɗin haka. Amma tambayar da aka yi mata yau tambaya ce ta gaske, ita kuwa ba ta iya amsa tambayar gaske da ƙarya ba.

"Ban sani ba, Mama. Zan iya ba shi magani a kan lokaci. Zan iya yi masa aski, ya yarda da hannuna. Zan iya dafa abinci. Amma ranar da ya kama ihu awa biyu, ni banɗaki nake shiga in toshe kunne da tawul. Kin sha gani."

"Na ɗauka haushinsa kike ji."

"Ba haushi ba ne. Zafi yake yi mini, kamar yadda yake yi masa in an kunna injin markaɗe. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ko da tsohon sunan ma ba zan iya ba, ban dai faɗa ba ne."

Doña Herminia ta kwashe kofuna, har da na Griselda da ba ta gama sha ba. Kwana huɗu ba ta yi mata magana ba sai abin da ya zama dole: ga abinci, rufe taga, ɗauko wa Yayanki safa.

Ranar Alhamis Griselda na zaune a rumbun itace, ko minti goma ba ta yi ba, ƙofa ta buɗe. Mahaifiyarta ce, da kwandon ɗibar itace a hannu. Suka dubi juna.

"Tun yaushe?" in ji tsohuwar.

"Tun da na fara aiki."

"Shekara goma sha biyu kina zama a nan da gizo-gizo, ni ina ciki ina cewa ƙarfe shida ake tashinku." Ta ajiye kwandon, ta zauna a kan wani kututturen, tana dafa gwiwa. Sannan ta ce, "Kina 'yar shekara huɗu kina tafiya a kan yatsun ƙafa, kamar shi. Babanku ya nuna mini. Na ce masa kwaikwayon yayanta take yi, kada ya sake tayar da maganar. Ba zan iya biyu ba a lokacin, Chela. Ɗaya ma da ƙyar."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Amma bari." Ta miƙe ta fara loda itace. "Ki gama zamanki. In kin shigo ki ba ni lambar yarinyar nan likita."

Likita Paillán ta haɗa su da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ita kuma ta nuna musu wani gida a ƙetaren kogi inda ake karɓar manya irin Efraín da rana. Doña Herminia ta san da gidan tun tuni, ta ƙi ne, tana cewa ɗanta na da 'yar'uwa. Sai da suka jira wata biyar kafin gurbi ya samu, kwana biyu a mako. Aka kuma kira 'yar ƙanwar Doña Herminia daga garin Osorno, aka zauna, aka rubuta wa zai yi me idan ranar ta zo. Sunan Griselda na ciki, amma ba shi kaɗai ba.

A taron Asabar an yi wata guda ana gardama kan sauya sunan ƙungiya. Da aka kaɗa ƙuri'a masu son sauyi suka yi rinjaye da mutum biyu. Baldomero ya yi fushi ya daina zuwa, bayan mako uku ya dawo sanye da tsohuwar rigarsa, ba wanda ya ce masa komai. Griselda ba ta ɗaga hannu wa kowane ɓangare ba. In an tambaye ta a asibiti ko a ofis takan ce otizim, mataki na ɗaya. A cikin ranta wani lokaci tsohon sunan ne ke fara zuwa, ta bar shi.

Ranar farko da za a kai Efraín gidan ƙetaren kogi, ya ƙi sauka daga motar haya. Suka zagaya da shi har tashar ƙarshe suka dawo gida. Rana ta biyu ya sauka, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Ma'aikacin gidan na ta lallashinsa, Doña Herminia na jan hannun rigarsa. Griselda ta leƙa ciki, ta ɗaga kai, ta ga doguwar fitilar da ke saman zauren tana ɗan kyaftawa, tana wani siririn zuzu da ita ma ta ji shi har cikin haƙoranta.

"Ku kashe waccan fitilar," ta ce.

Ma'aikacin ya dube ta, ya dubi fitilar, ya ce shi bai ji komai ba, amma ya kashe. Efraín ya tsaya kamar minti ɗaya, sannan ya goge takalmansa a tabarmar ƙofa ya shiga. Doña Herminia ta bi shi da ido har ya sha kwana. Ta gyara gyalenta ta ce tunda sun fito, kuma ba wanda za ta koma ta yi wa wanka, su biya kasuwar bakin kogi ta sayi kifi.