Makullin Kaka Irmtraud

A ƙofar gidan Farfesa Brüning akwai ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunansa. Wiebke Tiedemann ta lura cewa wurin da aka rubuta "Farfesa Dokta" ya fi sauran ƙyalli, kamar nan kaɗai tsumma ke kaiwa. Ta danna ƙararrawa.

Lahadi ce da la'asar, lokacin kofi da kek, lokacin da Farfesa ke buɗe ɗakin tarkacensa ga wanda ya ga dama. Shi ke duba aikinta na digirin digirgir, a kan ma'anar tara kaya a adabin Jamusanci. Ɗalibai kan kira irinsa uban digiri, shi kuwa ya riƙe sunan da hannu biyu, musamman ta wajen cewa ba a yi wa uba musu.

Ba kek ya kawo ta ba, makulli ta zo karɓa. Kakarta Irmtraud ce ta fito da shi daga gidansu na can gabashin ƙasar tana yarinya, lokacin gudun yaƙi. Gidan ya rushe, garin ma ya canza suna. Wiebke ta kai shi aji a bazara don misali, Farfesa ya ce ta bar masa ya ɗan duba. Yanzu Kaka tana gidan tsofaffi, ta manta sunayen 'ya'yanta amma ba ta manta makullinta ba. Kullum sai ta zazzage jaka tana nemansa, ta zagi masu jinya, ta ture kwanon abinci.

"Malama Tiedemann, shigo!" in ji Farfesa. "Ki kula da gwiwar hannunki, komai a nan ya girme ki."

Akwatunan gilashi ne daga bango zuwa bango. Ga lofen shan tabar wani marubuci da ba mai karanta shi, ga maɓallin wandon wani mawaƙi, ga rabin tabarau. Dokta Quast, mataimakinsa, yana biye da shi, bakinsa a shirye da dariya tun kafin a yi abin dariyar.

Hannelore, matar gidan, ta miƙo mata faranti. "Ci, 'yata. Kek ɗin nan ne kawai sabon abu a gidan. In kika bar shi, gobe ki tarar da shi a gilashi an ba shi lamba."

"Haba, Hannelore," in ji Farfesa.

"Na yi shiru, Eckehard. Ni ma jira nake a manna min tawa takardar."

A akwatin kusa da taga Wiebke ta ga makullin, kwance a kan jan karammiski. Ɗan katin da ke gabansa ya ce: makullin wata 'yar gudun hijira, ba a san sunanta ba.

Ita da ko a aji sai an kira sunanta take magana, yau ba ta jira ba.

"Yallaɓai, ai an san sunanta. Tana nan da ranta, nemansa take yi."

Ya yi murmushin da yake yi wa 'yan shekarar farko. "Ashe ba ki karanta babi na uku na littafina ba. Abu ba ya fara magana sai ya rabu da mai shi. A jakar kakarki guntun ƙarfe ne. A nan kuwa, kukan duk wanda ya rasa gida ne."

"Kukan duk wanda ya rasa gida!" in ji Quast. "Yallaɓai, wannan ai take ne na littafi."

"Ta daina cin abinci," in ji Wiebke.

"Wayyo. To ki samo mata wani a kasuwar gwanjo mana, ba za ta gane ba. Mu ne muka san bambanci." Ya kurɓi kofi. "Af, watan gobe za mu zauna kan aikinki, ko? Ina son sa hannu da kwanciyar hankali."

Ta gane. Quast ma ya gane, ya duƙufa yana karanta katin maɓallin wando.

Da Farfesa ya ga ta gane, sai karamci ya taso masa. Ya buɗe gilashin, ya ciro farar safar hannu daga aljihun tebur.

"Ungo, riƙe shi kaɗan. Amma saka wannan tukuna. Gumin hannu na ɓata ƙarfe."

Ta dubi safar. Da makullin nan Kaka ke fasa musu gyaɗa, da shi take sosa bayanta, shi Wiebke ta tsotsa lokacin da haƙoranta ke fitowa. Ta saka safar, ta ɗauka. Nauyinsa bai canza ba.

Farfesa ya riga ya juya, yana yi wa Quast bayanin alamar haƙori a jikin lofe, Quast yana gyaɗa kai kamar bai taɓa ji ba. Hannelore ce kawai ke kallonta. Matar ta ɗaga butar kofi.

"Eckehard, ba ka faɗa wa Quast yadda ka samo lofen ba. Fara daga farko, daga tashar jirgin."

Ya gyara murya, ya fara. Wiebke ta cire safar, ta ninke ta a gefen kek ɗin da ba ta taɓa ba. Ta ɗauki kwat ɗinta daga maratayi, makullin a tafin hannunta, ta jawo ƙofar a hankali.