Sunan da Ke Kan Rigar Hambali

Duk wanda ya taɓa zama a teburin Gana mai shayi da ke Fagge ya sha labarin gadar yaƙin Saliyo, ko yana so ko ba ya so. Mai ba da shi Kofur Hambali ne, tsohon soja, ɗan asalin Borno haihuwar Kano, wanda yanzu yake gadin wani kantin firiji a Titin Ibrahim Taiwo. In ya fara, sai ya ɗage riga ya nuna tabon da ya ratsa cikinsa kamar ɗinkin buhu, ya ce shi kaɗai ya tare gadar nan da bindiga mai jigida har aka kwashe mutanensu. Sai wani shaƙiyyi ya ce, "To Baba, ina lambar yabon?" Lamba dai babu, kuma takardar sallamarsa ba ta san da wata gada ba. Suka laƙaba masa Kofur Tatsuniya. Yakan taya su dariya, amma in ya koma gida ko tuwon matarsa Yakaka ba ya iya haɗiya.

Gaskiya yake faɗa, kuma shi ya ja wa kansa. Kakansa maharbi ne, shi ya cusa masa cewa harsashi sunan mutum yake bi, don haka kada ya kuskura ya shiga daga da sunansa a ƙirji. Duk ranar da za a gwabza, sai Hambali ya yi musanyar riga da amininsa Cyprian, ɗan Sabon Gari, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Cyprian dariya yake yi. "Hambali," in ji shi, "harsashin da zai karanta sunana sai ya yi boko tukuna."

Ranar gada, 'yan tawaye suka taso kamar fari. Hambali ya kwanta a bayan buhunan yashi ya yi ta ɓarin wuta har bakin bindiga ya yi ja, fatar tafin hannunsa ta saɓule a jikin ƙarfe. Wanda ke miƙo masa harsashi aka fasa masa kai, ƙwaƙwalwarsa ta wanke wa Hambali fuska. Kyaftin ɗinsu ya rarrafo cikin hayaƙi, ya ga mutum jina-jina ba a gane shi, ya karanta sunan da ke ƙirji, ya buga oba-oba yana kirarin Kofur Cyprian. Kafin azahar kyaftin ya mutu, Hambali kuma ɓaraguzan gurneti suka farke masa ciki. A asibiti ya farka, ya ji an ba Cyprian lambar jarumta. Da suka haɗu a Kano, ya ga abokin nasa da dungu a maimakon hannun dama, amma ko sannu bai ce ba. Ya tofar da yawu ya kira shi ɓarawo, kuma tun daga ranar titi ɗaya ya raba su fiye da shekara ashirin.

Kwatsam sai ga kwamitin gyara bayanan tsofaffin sojoji ya sauka a Kano. Hambali ya goge takalmi ya je. Manjon da ke shugabanta ya saurare shi tsaf, sannan ya ce tabo ba shaida ba ne. Sai an kawo wanda yake wurin, mai rai, ya yi rantsuwa. Hambali ya lissafa mutanen gada a ransa, ya ga duk ƙasa ta rufe idonsu in ban da guda ɗaya.

Da la'asar ya tsallaka Sabon Gari. Shagon Cyprian na kayan janareto yana bayan kasuwa, ya same shi a kan benci yana matse wani ƙarfe tsakanin gwiwoyinsa yana kwance shi da hagu.

"Ban zo gaisuwa ba," in ji Hambali. "Gobe za ka je gaban kwamiti ka ce ni ne a kan gada."

Cyprian bai ɗago ba. "Wa ke magana? Na ji kamar muryar wanda ya tofa min yawu."

"Kayana na zo karɓa. Ka ci amanata, ka rataya jinina a ƙirjinka kana yawo da shi coci."

"Fita min daga shago, Hambali."

An ce tsohon doki sai mai shi, to tsohon soja ma ba a taɓa shi da wasa. Hambali ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi. Cyprian ya sakar masa karo a hanci, aka ji ƙas, jini ya ɓalle. Hambali ya rarumi sifana ya kafta masa a baki, haƙora biyu suka faɗo kan siminti. Suka rungume suka zube a kan tsofaffin injina, kanta ta rufto musu da ƙusoshi da gwangwanayen mai. Cyprian ya haye shi yana dukan tabon cikinsa da dungun nan, wanda ya yi tauri kamar taɓarya, har Hambali ya yi aman shayin safe. Shi kuma ya cusa yatsa a idon Cyprian, ya cije masa kunne bai saki ba sai da ya ji gishirin jini. Tsofaffi biyu masu jikoki, kowa da gaske yake son kashe ɗan'uwansa.

A wannan unguwa kuwa, faɗan mutumin Fagge da na Sabon Gari ba ya zama na mutum biyu. Nan da nan aka fara jin ƙarar ƙofofin shaguna ana ja. Wani ya ruga yana ihun an kashe Bahaushe, wani ya ce a'a, Inyamuri aka yanka. Samari suka fito da gorori daga can, 'yan kasuwa suka zaro rodi daga nan, kwalba ta tashi ta tsaga goshin wani mai lemo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Veronica matar Cyprian ta keto taron, ta tsaya a bakin shago ta ware murya. "Sojoji ne! Abokai ne, tsohon haukansu ne ya motsa! Kowa ya kama gabansa!" Ta shige ta jawo ƙofar ƙarfe ta rufe su ciki, ta ɗauki bokitin ruwan wanke ƙarfe ta sheƙa musu.

Suka rabu suna haki, kowa ya jingina da bango.

"Ka faɗa masa," ta ce wa mijinta, "ko ni in faɗa."

Cyprian ya tofar da gudan jini. Maganarsa tana fita da iska ta gurbin haƙoran. "Ka san inda hannuna yake?"

"Yaƙi ya ci. Ni ma ya ci hanjina."

"Washegarin gada, ina cikin motar da ta ɗauko ka, ba ka san inda kanka yake ba. 'Yan tawaye suka tare mu a daji. Sun saurari oba-obarmu, sun ji sunan wanda ya karkashe musu mutane, shi suke nema. Suka bi ƙirji ɗaya bayan ɗaya har suka zo kanka. Rigata tana jikinka. Suka jawo ka ƙasa, suka ɗora hannunka a kan kututture, wani yaro ya ɗaga gatari." Ya numfasa. "Na ce su tsaya, riga ce kawai, ni ne Cyprian. Na nuna musu katina mai hoto. Gatarin ba shi da kaifi, Hambali. Sai da ya sara ya sake sarawa. Suka saka min hannun a aljihu suka ce in kai wa manyanmu."

Hambali ya dubi hannuwansa biyu, duk jinin Cyprian ne a kansu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya gwammace a ce gatarin nan shi ya samu. "Me ya hana ka faɗa min?"

"Na buɗe baki ka cika shi da yawu."

"A bar maganar kwamiti. Na janye."

"Ba ka isa ba," in ji Cyprian. "Ka zubar min da haƙora a kanta, sannan ka ce a bari? Gobe da safe. In ba ka zo ba, har Fagge zan biyo ka."

Haka suka bayyana gaban manjo, ɗaya da hanci a naɗe, ɗaya da leɓe kamar an hura balan-balan. Cyprian ya sha kakinsa na 'yan mazan jiya, lambar tana sheƙi a ƙirjinsa. Hambali ya yi ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur don ya hana shi, amma Cyprian bai ko kalle shi ba. Ya dafa Baibul da hagu ya ce shi a ranar gada yana can baya yana ɗaukar masu rauni, wanda ya riƙe bindiga Hambali ne. Maganar kututture kuwa ko kusa da ita bai je ba. Manjo ya yi tambayoyinsa, ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya ce lambar ɗaya ce kuma ta mutum ɗaya ce, sai a miƙa wa mai ita.

Cyprian ya miƙe. Ya kai hagunsa ƙirji ya yi ta fama da allurar lambar, tana zamewa. Ya juyo ya fuskanci abokinsa.

"Zo ka cire abarka," in ji shi. "Veronica ce ke maƙala min. Da hannu ɗaya ba ta ciruwa."

Hambali ya tashi yana kuka a gaban kowa, ya sa hannuwansa biyu ya cire ta.