Baƙin Allo da Kiran Baba Yelwa

"Sulaiman, Babanka na kiranka," in ji Inna Tabawa, matar maƙwabcinsu Baba Yelwa, daga bakin ƙofa, mayafinta a karkace. "Ya ce ka zo ka karanta masa Yasin. Muryarka yake so."

Sulaiman bai ɗago ba. Ran Asabar ce da hantsi, ya kwaso aikin buro zuwa gida, a unguwar Dar es Salam. Fishiye ne, fayilolin aiki, jibgi guda, kowane ɗauke da gyaran da za a yi wa rumbun bayanan ma'aikatarsu. Maimakon ya buɗe su ɗaya-ɗaya, ya rubuta umarni layi guda a baƙin allon ordinatar, wato kwamfuta, suka shiga wucewa a jere.

"Inna, ku yi haƙuri, yanzu na tayar da shi. Da ya ƙare, ga ni nan."

"To, Allah ya taimaka," ta ce, ta juya.

Kai, Sulaiman! Shi ya rubuta layin nan da hannunsa, ya san sarai ba ya buƙatar mai gadi. Ko can otal ɗin Gaweye ya tafi ya dawo, aikin zai ci gaba. Tsoro ne kawai. Baba Yelwa, tsohon direban da ke katanga ɗaya da su, shi ya koya masa tuƙi, shi ya raka shi neman aure. Jiya da ya leƙa, ya tarar da ƙaton mutumin nan ya koma ƙashi da fata, ya fito da sauri. Sai yau ya zauna yana kallon rubutu na hawa, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Kafin azahar salati ya tashi a bayan katanga.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya durƙusa gaban Inna Tabawa cikin mata. Wata ta ce, "Ashe kana gida?"

"Ku ƙyale mini yaro," in ji Inna. "Injin nan nasu ba a barinsa, da ka tashi sai ya lalace. Shi ma marigayin haka ya ce: a bar shi, aikin mutane ne a hannunsa."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido.

Ya koma ɗaki. Fishiye duka sun wuce, ko kuskure ɗaya babu. A ƙasan allon, ɗan farin ɗigon nan na ta ƙiftawa, yana jiran umarni.