Tumaki Arba'in da Ƙusa Ɗaya

Ƙusa na hannun Solveig Rönnlund, guduma kuwa na aljihun malaminta Farfesa Torvald, shi ko ya tsaya yana cin burodin kirfa kamar ba shi ake jira ba.

A jami'armu ta arewacin Sweden, ɗalibi ba ya kare kundin digirinsa na uku sai ya kafe shi da ƙusa a katakon zauren tsangaya, kowa ya gani. A sashenmu malaminsa ne ke miƙa masa guduma. In bai miƙa ba, wahalar shekara huɗu ta bi ruwa.

Shekara talatin Torvald yana koya wa likitoci cewa idan mutum ya zubar da jini, a kwarara masa ruwan gishiri a jijiya da gaggawa. Tumakin gwajin Solveig su arba'in suka ƙi yarda. Waɗanda aka kwarara wa, bugun jininsu ya tashi na awa guda, sannan zuciya ta cika, ta gaji. Waɗanda aka ɗiga wa sannu a hankali suka kai yamma zuciya na aiki daram. Torvald ya ce na'ura ce ta lalace, aka canza ta. Ya ce tumakin ne masu taurin kai, aka kawo wasu. Ƙarshe ya sa rigar aiki, ya yi wuni uku tsaye a kan tunkiya da kansa, sakamako bai canza ba. Gani ya kori ji, amma mutumin nan bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko a wasan kati. Shi ya sa yau tsoro ne fal cikin Solveig.

Gunnel, tsohuwar da ke kula da tumakin, ta gaji da tsayuwa.

"Torvald, kofi na hucewa. Ko gudumar ma sai an sake gwada ta?"

Aka kwashe da dariya. Ya kakkaɓe gemu, ya dubi ɗalibarsa.

"A shafi na sittin da biyu kin ce na yi kuskure."

"Ni ban ce ba, Torvald. Tumaki ne suka ce."

"Marasa kunya kawai." Ya zaro gudumar ya miƙa mata. "Ranar Litinin ki shiga ajina ki faɗa wa ɗalibai. Ni bakina ba zai iya ba."

Sai ya yi abin da ba a taɓa ganin malami ya yi ba. Ya karɓi ƙusar, ya saita ta a kan kundin, ya riƙe da yatsu biyu.

"Gobe ina da tiyata da yatsun nan. Ki bi a hankali, kamar yadda kika rubuta."

Daɗi ya kama Solveig har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗaga guduma, ta sauke da dukkan ƙarfinta, bugu ɗaya. Zaure ya kaure da tafi.

Torvald ya juya gefe ya ƙirga yatsunsa. Biyar ne cif.